Ku Tambayi Kawu: Agogon Gado, Fatar Agogo da Zafin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tunda na ɗan taɓo maganar tsohon agogon mahaifina a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan Agusta, ashe dai masu son agogo muna da yawa a jihar nan, kowa ya yi shiru ne da abinsa a cikin akwati. Na zaɓi guda shida na wannan karon, sauran ku yi haƙuri za mu zo kansu in Allah ya kai mu.

Tambaya: Kawu ina wuni, ya iyali. Mahaihinmu Allah shi jiƙan shi ya bar mani agogo Omega Seamaster da yas saye a Jidda shekarar da yay yi aikin hajji, 1977. Har yanzu in na girgiza shi yana tashi, amma sarƙar ta saki duk ta yi lagwai-lagwai tana cizon gashin hannu. Ina son in cire ta in sa mai fata, to ban san wace iri zan saye ba, kuma wani mai gyara ya ce in bar mai tsohuwar sarƙar shi goge man agogon shi koma sabo kyauta. Mi kag gani? Daga wani ɗan kasuwar albasa a Aliero.

Amsa: Lafiya lau ɗana, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa aljanna ce makomarsa. Kafin komai, dan Allah kar ka ba kowa sarƙar nan, ko da ta tsinke gida uku ka naɗe ta a ƙyalle ka ajiye. A wurin masu tara agogo sarƙar asali kaya ce mai kuɗi ita kaɗai, in ka buɗe makullinta ka duba ciki za ka ga tambarin kamfanin da wasu lambobi, to da waɗannan lambobin ake gane ko irin sarƙar da kamfanin ya yi wa wannan agogon ce. Mai gyaran nan ya san abin da yake nema.

Gugar ma ban yarda da ita ba. Injin guga cin ƙarfe yake, yana cinye kaifin gefen agogo ya mayar da shi sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, kuma abin da ya tafi ya tafi kenan ba mai dawo da shi. Ni abin ya faru da ni shi ya sa nake maganar da zafi, na kai agogon mahaifina wurin wani mai gyara don a sa masa mai kawai, da na dawo bayan sati sai na tarar ya goge shi ƙal har rubutun bayan ya kusa ɓacewa, wani ɗan tabo da ke gefe wanda na sani tun ina yaro, ranar da Baba ya buge shi a ƙofar rumbu, babu shi. Wallahi har yau in na duba wurin sai na ji wani abu a raina. Tabon da ke jikin agogon Alhaji na Alhaji ne, ka bar shi.

To maganar fata. Ka samu rula irin ta 'yan makaranta ka auna tsakanin kunnuwan agogon nan biyu inda sarƙar ke shiga, da milimita ake aunawa. Tsofaffin agogo yawanci za ka samu 17 ko 18 ko 19, na yanzu kuma 20 da 22 sun fi yawa. Abin da ka auna shi za ka saya daidai, kar wani ya ce maka 18 za ta zauna a 19 ai bambancin kaɗan ne, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke sa fatar ta riƙa wasa gefe da gefe har wata rana ta ɓalle ɗan fil ɗin nan mai sifirin da ke riƙe da ita, sai dai ka ji agogo a ƙasa ko kuma kana kan mashin ba ka ma ji ba. Fil ɗin ma ka sake sabbi, ba su da tsada, na 1977 tsatsa ta gama da su. Tsawo kuma wanda aka fi yi shi ne ɓangare mai huji milimita 115 ko 120, ɓangaren bakul 75 ko 80, in hannunka siriri ne ka nemi gajera don kar jela ta yi ta reto.

Amma fa ka duba da kyau tukuna, wasu Omega na shekarun 1970 an ƙera sarƙar ne haɗe da jikin agogon, babu kunnuwa sam, irin su Royal Oak na Audemars Piguet da ya fito 1972 da Nautilus na Patek Philippe na 1976 duk haka yayin yake a lokacin. In naka irin wannan ne fatar kasuwa ba za ta shiga ba sai an yanka masa tasa ta musamman. In kuma mai kunnuwa ne, ni dai siririyar fata baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu zan sa masa, wadda ta fara da faɗi ta tsuke wajen bakul, kauri kar ya wuce milimita 2 zuwa 3, don tsohon agogo ƙarami ne bai son katuwar fata mai kama da linzamin doki.

Abu na ƙarshe, tashin da yake yi in ka girgiza shi ba ya nufin lafiyarsa ƙalau. Man da ke cikin injin ya bushe tuntuni, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ka kai shi sabis wurin wanda ya san injin otomatik ba mai sa batir kawai ba, ka tsaya a buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton injin da lambar da ke jikinsa da wayarka, ka ce duk abin da aka cire a ba ka kayanka. Kuma kar ka yarda ruwa ya taɓa shi duk da sunansa Seamaster na teku ne, robar da ke tare ruwan ta mutu shekaru da yawa.

Tambaya: Salam Kawu. Ni matsalata fatar agogo ba ta yi min wata uku, sai ta fara wari ta yi baƙi daga ciki ta tsage a wurin huji. Na canza ta kai biyar a shekara ɗaya kuma duk an rubuta Genuine Leather a jiki. Ni ne ban iya ba ko kayan ne jabu? Daga wani ma'aikaci a unguwar Gesse, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, duka biyun ne, amma akwai na uku wanda ya fi su, wato garinmu. Masu ɗinka waɗannan fatun a Turai da China ba da mutumin Birnin Kebbi a ransu suka yi su ba, mutumin da zai fita a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 zufa na bin hannunsa tun safe, sannan ya yi alwala sau biyar a yini, ga turare da muke fesawa daidai wuyan hannu. Gishirin zufa yana shiga fata ya zauna, ruwan alwala ya jiƙa ta, rana ta busar da ita da ƙarfi, gobe a sake, to ko fatar giwa ce sai ta gaji. Da hunturu ya shigo kuma iska ta tsotse ɗan man da ya rage sai tsagewa, da damina kuma in ka jefa ta a durowa ka manta sai fumfuna.

Wancan rubutun na Genuine Leather kuwa kar ya ruɗe ka, abin da yake cewa kawai akwai fata a ciki, bai ce wace iri ba. Da yawa ƙasan fata ne da aka tsaga aka shafe da roba aka buga mata zane, wasu ma garin fata ne aka kwaɓa da gam aka matse, tsakiya kuma kwali. Ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace ka yanka da reza ka gani da idonka, gani ya kori ji. Fata ta ƙwarai in ka lanƙwasa ta sai ta yi 'yan ƙananan tamoji ta koma, in ka sunsuna ka ji warin fata, ta bogi kuwa warin leda take kuma samanta ɓarewa yake kamar bawon albasa.

Abin da za ka yi ba wuya. Ka riƙa cire agogon kafin alwala, dama wanke hannu har gwiwa ya haɗa da wurin da agogon yake zaune kuma mu a Malikiyya sai an cuɗa, to ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ka sa shi a aljihun gaba ba a kan dakalin masallaci ba inda za ka tashi ka bar shi. Ka bari hannu ya bushe kafin ka mayar. Turare ka fesa a riga, na mai irin su oud ma ya fi ɓata fata don tabonsa ba ya fita. Kar ka ɗaure tamau, ka bar wurin da ɗan yatsanka ƙarami zai shiga iska ta ratsa. Da dare ka cire ka goge cikin da ƙyalle mai ɗan danshi ka bar ta a inuwa, ban da rana, ban da gaban mota inda gilashi ke dafa kaya. Sau ɗaya a wata biyu haka, musamman da hunturu, ka ɗan lakaci man kaɗanya kamar ƙwayar gero ka murza a yatsa ka shafa a saman, zai ɗan ƙara mata duhu amma ba za ta tsage ba, in ka cika kuma ta yi laushi ta saki.

Tsagewa a wurin huji kuma daga lanƙwasawar kullum ne wajen sa bakul. Akwai makulli mai naɗewa irin na sarƙa da ake sa wa fata, sau ɗaya za ka saita shi a hujin da ya yi maka shikenan sai dai buɗewa da rufewa, yana ƙara wa fata kwana sosai.

Amma in gaya maka gaskiyar abin da nake yi ni kaina, daga Maris har ruwa ya sauka ba na sa fata sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure. Sauran kwanaki sarƙa ce ko roba mai kyau ko kuma igiyar nailan ɗin nan da ake kira NATO, wadda ma'aikatar tsaron Birtaniya ta fitar wa sojojinta a 1973, ita ratsawa take ta ƙarƙashin agogon ta bi fil biyun duka, ko ɗaya ya ɓalle agogo na nan rataye, kuma in ta yi datti ka wanke da sabulu ka shanya. Ka mallaki fata biyu kana hutar da ɗaya, yanzu har akwai masu ɗan maɓalli a baya da farce kawai za ka ja ka cire ba sai ka je wurin mai gyara ba.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Bikina saura wata biyu ina son in yi wa angon kyautar agogo, na ga wata a Instagram tana sayar da Rolex naira dubu 85 har da kwali da kati, ta rantse min orijinal ne daga Dubai. In tura kuɗin? Daga wata ɗiyarka a Yauri.

Amsa: Allah ya sanya alheri ɗiyata, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kar ki tura. Sabon Rolex na ƙarfe mafi araha a shagon dilansu ya haura dala dubu biyar, ki buga da canjin yau ki ga miliyan nawa ne, kuma wasu samfurin irin su Submariner ko da kuɗinka a hannu sai ka shiga layi ka jira. Babu wanda zai sayo abin miliyoyi ya sayar miki dubu 85, kwali da katin kuwa su ma bugawa ake yi a inda ake buga agogon.

Mutane za su ce miki ki duba hannun sakan, na gaske tafiya yake sumul don injin yana bugawa sau 8 a sakan ɗaya, na bogi mai batir kuma tsalle yake ɗaya-ɗaya, ko su ce ki duba ɗan ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata wanda ke ƙara girman lambar ninki biyu da rabi, ko ɗan ƙaramin kambi da aka zana a gilashi wajen ƙarfe 6. Duk gaskiya ne, kuma suna kama jabun da bai da kwaliti, sai dai masu kwafin yanzu sun koyi waɗannan duka, akwai wanda sai an buɗe bayansa gwani ya sa madubi kafin ya gane. Don haka farashin shi ne babbar shaida, shi ba ya ƙarya.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, ranar da angon zai zauna cikin abokai wani ya karɓi agogon ya juya shi ya yi murmushi ya miƙo masa, kyautarki ce fa ta farko. Ki ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa ki saya masa na gaskiya mai sunan kansa. Seiko 5 tun 1963 ake yin sa kuma iyayenmu sun sa shi shekara da shekaru a gona da kasuwa bai gaza ba, ga Orient, ga Citizen mai cin hasken rana ba ruwansa da canjin batir, ga Casio, in aljihu ya yi nauyi ga Tissot ko Rado da alhazanmu suka daɗe suna ƙauna tun DiaStar na 1962 wanda jikinsa ba ya ƙarzuwa da wasa. Su ma ana yin jabunsu, saboda haka ki sa yayanki ko wani wanda ya sani ya je shago ya riƙa a hannu kafin a biya. In kin ɗauki Orient Bambino, wanda yake kyau ƙwarai da farar shadda, ki sani babbansa faɗin fatarsa milimita 21 ne, ba a cika samun ta a kasuwa ba, ki sayo ta biyu tun a wurin.

Tambaya: Malam, an ce mana wasu fatun agogo na waje da fatar alade ake yin cikinsu, ya za a yi mutum ya gane, kuma ya sallar wanda ya sa? Sannan agogon zinare fa ga namiji? Daga wani ɗalibi a Gwandu.

Amsa: Tambayarka ta yi kyau ɗana kuma ba jita-jita ba ne, ana amfani da fatar alade wajen shafin ciki na takalma da safar hannu da wasu fatun agogo saboda araha da laushi, tsofaffin agogon Turawa ma wasu da ita gaba ɗaya aka yi maɗaurinsu. Ganewa ba wuya in ba a shafe ta da fenti ba, ka juya cikin ka kai wurin haske, za ka ga ƙofofin gashi manya-manya sun taru uku-uku kamar duwatsun murhu, ɗigo uku nan ɗigo uku can. Ta saniya ƙofofinta ƙanana ne a baje ko'ina, ta akuya kuma tana da wani ɗan gurza-gurza mai kyau. In kana saye ta intanet ka tambayi mai kayan da me aka yi shafin ciki, masu sana'ar kirki suna rubutawa, wanda ya kasa faɗa maka ka wuce shi.

Hukunci kuwa na malamai ne, kuma kai da kake Gwandu ai a tsakiyarsu kake. Abin da muka karanta dai, akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim cewa fata in an jeme ta ta tsarkaka, malamai da yawa a kansa suka tsaya game da fatar mushe, amma a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce ana amfani da fatar mushe in an jeme sai dai ba a salla a kanta, Mukhtasar na Khalil kuma ya cire ta alade daga wannan rangwamen ƙarara. Ka ga kenan a mazhabarmu ba alade kaɗai ake dubawa ba har da yadda aka yanka dabbar. Mafita mai sauƙi ga mai son ya huta da waswasi, ya sa sarƙa ko roba, ko ya cire agogon ya ajiye in zai ta da kabbara, ko kuma ya nemi fatar da ya san asalinta, zan zo kan wannan a ƙasa.

Zinare kuma hadisin Sayyidina Ali sananne ne, an haramta shi da alharini ga mazan al'umma an halatta wa mata. In ka ga an buga 750 ko 18K a bayan agogo ko cikin makulli to zinare ne na gaske, kuma ka lura akwai farin zinare da ido zai ɗauka ƙarfe ne. Rolex Day-Date ɗin nan da manya ke so, tun fitowarsa a 1956 ba a yin sa da ƙarfe, sai zinare ko filatinam. Mai ruwan zinare kawai a sama shi malamai sun yi maganganu a kai, ka kai wa malaminka agogon ya gani.

Tambaya: Kawu fatar kada da ake sayarwa dubu huɗu ta gaske ce? Daga wani direba a Kamba.

Amsa: A'a ƙanena, fatar saniya ce aka buga mata zanen kada da inji, ka duba za ka ga gidajen zanen duk girmansu ɗaya suna maimaita kansu, ta gaske kuwa ba gida biyu da suke daidai. Ba laifi ba ne ka sa in ta yi maka kyau, kar dai a karɓi kuɗin kada a hannunka. Ta gasken da manyan kamfanoni ke sawa yawanci daga gonakin kiwon kada na Louisiana a Amurka take, da takardun yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji. Kadan kogunanmu kuma doka ta hana cinikin fatarsu zuwa waje, kai da kake bakin iyaka kar wani ya ba ka saƙon irin wannan ka ɗauka.

Tambaya: Ranka shi daɗe, ni baduku ne ɗan baduku, muna ɗunkin kube da layu da takalma da kayan doki tun kakanni. Wani yaro ɗan jami'a ya nuna man hoton hwatar agogo a waya ya ce Turawa na sayen guda ɗaya kuɗin da ya hi takalmi ƙafa goma. Shin aikin ga za mu iya shi da hwatarmu ta gida ko sai da ta waje? Daga Argungu.

Amsa: Sannu da aiki Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Wallahi tun da na fara wannan fili ba a aiko min da tambayar da ta faranta min rai kamar taka ba. Za ku iya, kuma yaron bai yi maka ƙarya ba, fatar agogo ɗinkin hannu a Turai da Amurka tana kai dala 100 har fiye, wadda aka yi da fatar kuturin doki ta kamfanin Horween na Chicago, da ake ɗaukar kusan wata shida ana jemarta, ita ma haka. Abin da suke saye a wurin shi ne fata mai kyau da hannu mai tsafta, kuma duka biyun muna da su.

Jar akuyar ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara har zuwa Maraɗi duniya ta san fatarta tun kafin a haifi kakanninmu. Ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita a kan raƙuma, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Maroko har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, masu ɗaurin littafi a Ingila kuma da ita suke rufe littattafansu masu daraja don ƙarfinta da kyan idonta. Har gobe ana kwasar ta daga kasuwanninmu a kai majemun Kano a fitar da ita waje, a can a yanka ta a ɗinka a buga mata suna, ɗanmu ya sayo da dala yana murna. Abin nan yana ci min rai ƙwarai. Jimar bagaruwa da majemanmu ke yi kuma ita ce irin wadda masu tara agogo ke nema suna biyan ƙari a kanta, wato jimar itace ba ta sinadari ba, don ita ce ke ƙara kyau in tana tsufa, ta yi duhu ta yi sheƙi a hannun mai ita. Ga kuma abin da na ce wa ɗalibin Gwandu, fatar da mahaucinmu ya yanka da bismilla, ko ta layya, ba wanda zai yi waswasin salla da ita, wannan kaɗai kasuwa ce babba daga nan har Saudiyya in an iya tallarta.

Amma zan gaya maka inda aikin zai ba ka wuya don kar ka ce Kawu bai faɗa ba. Na farko awo. Kube in ya ɗara da ɗan kaɗan ba wanda zai sani, fatar agogo kuwa in an ce 20 to 20 ce cif, rabin milimita ya ɓata ta, saboda haka sai ka nemi ma'auni na ƙarfe ka yanka samfuri na 18 da 20 da 22 da kwano ko roba mai tauri kana bi da wuƙa mai kaifi. Na biyu fatar akuya siririya ce kuma tana miƙewa, ba ta tsayawa ita kaɗai, sai ka yi hawa uku, akuya a sama, wani siririn abu marar miƙewa a tsakiya, shafi mai laushi a ciki, ka fiƙe bakin da zai naɗe fil ɗin ya yi siriri don kar ya yi tudu ya riƙa gugar jikin agogo. Fatar gadon baya za ka yanka, ta ciki sakwaf take. Na uku, kuma shi ne babba, rini da wari. Jan karan dafi yana da kyau a ido amma in zufa ta taɓa shi yana zuba, mutum ya sa farar shadda ranar Juma'a ya dawo da jan hannun riga to ya gama da kai har abada kuma sai ya gaya wa mutum goma. Shafin ciki ka bar shi ba rini, na saman kuma ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi, in ya kama launi bai isa fita kasuwa ba. Fatar da ba ta jemu sosai ba ko aka cika mata man gyaɗa ita ma za ta yi ƙarni a hannu, ka zaɓi majemin da ka yarda da shi ka biya shi da kyau ya ba ka ta farko. Akwai cibiyar binciken fata ta tarayya a Samaru Zariya, in da hali kai ko yaronka wani ya je ya ga yadda suke kama rini da gyaran ƙarshe.

Ɗinki kuma ba sai na koya maka ba, allura biyu zare ɗaya mai kakin zuma, kowane huji su haɗu su saɓa, irin na sirdi, ko zare ɗaya ya tsinke sauran ba sa warwarewa, shi ne abin da keken ɗinki ba ya iyawa. Ka dai matse tazarar ta zama ƙanana daidai wa daida, gefen kuma ka goge shi da ɗan ruwa da katako har ya yi santsi. Bakul ka sayi na ƙarfen da ba ya tsatsa, kar ka yi aikin kwana biyu ka lalata shi da bakul ɗin naira hamsin. Ado kuma ka sassauta, zanen kube da tunku ba su da wuri a nan, in za ka sa alama ka buga ƙaramin tambarinka a ciki da sunan Argungu.

Ka fara da guda goma, ka raba wa mutanen da ke yawo a rana, ɗan acaba da malamin makaranta da mai shago, su sa wata uku na bazara su dawo maka da su ka ga inda suka gaza, sai an gwada akan san na ƙwarai. In sun tsallake wannan sai yaron nan ɗan jami'a ya ɗauki hotuna masu kyau ya sa a intanet, lokacin bikin kamun kifi kuma da baƙi ke cika garin ka shimfiɗa su kusa da takalmanka. Ni dai ka ɗinka min guda ɗaya tun yanzu, milimita 18, ruwan ƙasa mai duhu, zare fari, a agogon mahaifina zan sa ta, in na shigo Argungu ƙarshen wata zan biyo ta rumfar dukawa in karɓa in biya.